Gansakukar da Muka Kankare

Kifi bakwai aka bar mana amana, muka kashe biyar da hannunmu. Ba da mugunta muka yi ba. Da hanta muka kashe su, da toka da soso. Biyun da suka rage hanya ce ta cinye su, ƙanwata Rakiya kuma ta bi bayansu. Abin da ya faru ke nan.

Da bazarar shekarar 1980 ne, wata Talata da hantsi, 'yan kwanaki da sake ɓarkewar faɗa a Njamena. Ina zaune a zauren gidanmu a unguwar Milezi ina wasa wuƙaƙen Baba a kan dutse, ko da yake babu abin yankawa, sai na hango shi daga bakin layi yana turo amalanke. Baba mutum ne mai sauri, in yana tura nama sai ka yi gudu kafin ka kamo shi. Ran nan a hankali yake tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane rami, ga ƙarar igwa daga cikin gari ba ta sa ya ƙara sauri ba. An rufe kayan da buhu. Na ɗauka rabin saniya ne ya samo, har yawuna ya tsinke. Da ya iso ya yaye buhun, sai ga akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, da ruwa rabi a ciki, da yashi a ƙasa, da wani guntun icce baƙi. Gilashin duk ya yi kore da gansakuka, sai ka matsa kusa za ka ga abin da ke ciki. Wasu 'yan kifaye ne da ba su kai ƙaramin yatsana ba, masu baƙin zane daga hanci zuwa wutsiya, kamar 'ya'yan ƙurungu da aka hana girma. Ba sa yawo kamar sauran kifi. Kowanne ya manna bakinsa a jikin gilashi yana ta motsa shi. Inna ta fito daga madafa ta duba, ta ce, "Malam, wannan ko miya ba zai yi ba."

Mu mahauta ne. Kakana ya taso daga Haɗeja zai tafi Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare masa a nan lokacin ana kiran garin Lami, ya kama fawa don ya tara na gaba, bai tashi ba har aka binne shi. Baba ya gaji wuƙarsa. Ni ne ɗan fari, shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma ban taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba. Allo ma sai ranar da babu yanka. Aikina shi ne in bi Baba mayanka da asuba, in ɗauko kai da ƙafa, in wanke tumbi da hanji, in tsaya da bulala a kan kilishin da aka shanya ina korar ƙuda da shirwa. In na samu sarari mu yi ƙwallon tsumma ko langa a fili. Da yaƙi ya zo wasan ya koma tsintar kwanson harsashi, muna busa shi kamar usur, wanda nasa ya fi girma shi ne sarki.

A cikin masu duba nama a mayanka akwai wani Nasara, likitan dabbobi, wanda Baba ke kai wa nama har gida shekara da shekaru. Ranar Talatar nan Baba ya je ya ga ko yana raye, ya tarar ana kwashe Nasaru zuwa filin jirgi, jaka ɗaya kowa. Mutumin ya kama hannun Baba ya ja shi ɗaki, ya nuna masa akwatin, ya yi ta zuba Faransanci. Faransancin Baba bai wuce kilo da rabin kilo ba. Da Nasaran ya ga haka sai ya yago takarda ya yi rubutu layi uku, ya danƙa masa, mota ta yi ham, ya fita. Baba ya ce da zai bar su, amma mutum ya dube shi ido cikin ido ya ba shi, kuma abu mai rai ne. Ya kai takardar wurin malaminmu na allo, malam ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ba nasa ba ne. Waɗanda muka sani masu karanta irin wannan rubutu, malaman lakwal da akawuna 'yan kudu da ke unguwar Mursal, tun faɗan bara suka bar gari. Baba ya ninke takardar ya tura ta cikin kuben babbar wuƙarsa.

Rakiya shekararta shida. Sunan mahaifiyar Baba ta ci, don haka shi Uwata yake ce mata. Kafin yaƙi surutunta ya ishi kowa, Hausa da Larabci take haɗawa a baki ɗaya, ta yi wa akuya magana, ta yi wa turmi magana. Tana da ƙawa, Amne, 'yar Shuwan da ke maƙwabtaka da mu masu sai da nono. Rana ta biyu da fara faɗa suna 'yar carafke a ƙofar gidan su Amne, Inna ta ƙwala mata kira ta zo a ƙarasa mata kitso. Ba ta yi taku goma ba bam ya sauka a inda ta tashi. Ko ƙwarzane ba ta samu ba. Amne kuwa a zane ɗaya aka tattara ta. Daga ranar Rakiya ta rufe baki. Ba magana, ba kuka, ba ci. Kanta rabi a kitse rabi a tsefe, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. An yi rubutu ta tofar, an yi hayaƙi, an yi tofi. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai an matse mata kumatu.

Da aka shigar da akwatin ɗakin Inna aka ɗora a kan benci, Rakiya na kwance a tabarma fuskarta ga bango. Ban san abin da ya juyo da ita ba, wataƙila motsin ruwan. Ta tashi ta ja jiki ta zauna gaban gilashin. Ta daɗe. Can ta ɗora yatsa a kan gilashi daidai inda ɗaya ya manna baki, shi daga ciki ita daga waje, bai gudu ba. Inna tana riƙe da ƙwaryar kunu da ta yi sanyi tun safe. Ta matso a hankali ta ce, "Kin ga wannan yana ta motsa baki, shi ma kunu yake so. Sha masa." Ta kai ludayi bakin Rakiya, Rakiya ta buɗe ta haɗiye. Inna ta nuna na biyu, ta sha masa. Haka har bakwai. Da Inna ta kawo na takwas, Rakiya ta dubi akwatin, ta dubi Inna, ta rufe baki. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa ya goge fuska da ita ya fita.

Haka abin ya zauna. Sau uku a rana, ludayi bakwai, ko loma bakwai in tuwo ne. Kifi ɗaya, loma ɗaya, kuma sai ta gan shi da idonta ta ɗora masa yatsa. Ba a iya yi mata wayo. Amma bakwai sau uku yana riƙe yarinya. A cikin mako guda idonta ya fara dawowa.

Baba ya ce kifin nan baƙi ne da Allah ya aiko, kuma "baƙonka annabinka." Mahauci ba shi da abin girmama baƙo da ya wuce hanta. A lokacin nama ya yi wuya, Fulani sun daina shigo da shanu, mayanka ta rufe, sai ɗan akuya ko tunkiya da ake yankawa a ɓoye a bayan gida. Duk ranar da aka samu, Baba zai yanki gefen hanta mafi kyau, ya daddatsa ta da bakin wuƙa har ta zama kamar ƙuli da aka daka, ya barbaɗa a ruwan da bisimilla. Mu muna cin tuwo da miyar kuka ba mai, kifi na samun hanta. Ni aka ba aikin hura iska. Akwai wani ɗan inji da ya zo tare da akwatin, amma sai da kuran, wato lantarki, yake aiki, mu kuwa gidanmu bai taɓa ganin waya ba. Na cire siririyar robar da ke jikinsa, ina sa baki ina hurawa, ƙwai-ƙwan iska na tashi a ruwa, har kaina ya riƙa juyawa.

Inna kuma ta ɗauki nata ɓangaren. Mace ce da ba ta iya ganin datti ta wuce. Randarta kullum sai ta sha kankara ciki da waje, ƙwaryarta fara tas, kuma bakinta ba ya rabuwa da cewa "tsafta cikon addini ce." Tun ranar farko koren nan ya tsaya mata a rai. Ta ce Nasara da duk kuɗinsa ya bar bayin Allah cikin ƙazanta, ga shi a ɗakin da take salla, ga shi yarinya ba ta ganinsu sosai. Rana ta uku ta sa na kwashe kifin da ludayi na zuba a kwano, ta zubar da ruwan, ta ɗauko toka da soso ta dirje gilashin nan lungu-lungu. Ta wanke yashin sau uku kamar shinkafa. Guntun iccen ta kankare shi da wuƙa ta shanya a rana. Muka cika da ruwan rijiya. Akwatin ya fito kamar ido, kana ganin bango ta cikinsa. Maƙwabta suka shigo kallo. Muka ji daɗi, har Baba ya yi mata kirari.

Kifin ba su taɓa hantar ba. Mun ɗauka kunya suke ji, ko sai ba kowa suke ci. Hantar takan kwanta a kan yashi ta yi fari, ta yi gashi, ruwa ya yi duhu ya fara wari, ga zafin bazara. In ya yi wari Inna ta sake wankewa. In an wanke Baba ya sake zuba sabuwa, har ya gwada ƙoda, ya gwada ɓargo, ya gwada garin kilishi ba yaji. Su kuwa suna ta zagaya gilashin da bakinsu, sama da ƙasa, sama da ƙasa, ba hutawa. Muna cewa wasa suke yi. Cikinsu da ya zo a cike kamar ƙwayar wake ya lotsa ya manne da baya.

Na farko ya mutu bayan kwana goma sha biyu. Na tarar da shi da safe a kife a kan yashi, na tsame shi na binne a gindin darbejiya kafin Rakiya ta farka. Ban tsira ba. Ta zauna ta ɗora yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta kai shida, ta leƙa bayan icce, ta leƙa ƙasa, ta sake ƙirgawa. Ta sha shida ta rufe baki. Bayan kwana uku suka zama biyar, sannan huɗu. Inna ta ajiye ƙaramin ludayi ta ɗauko babba na kwasar miya. Rakiya ta kurɓi daidai abin da ta saba ta ture sauran. Inna ta gwada nuna kifi ɗaya sau biyu, Rakiya ta kama hannunta ta sauke. Na ga Inna ta ɗaga hannu za ta mare ta, hannun ya tsaya a sama, ta fita bayan ɗaki. Da suka zama uku wuyan Rakiya ya koma kamar na ɗan tsako, sai an jingina ta da filo take zama.

Ni na yanke shawarar zuwa kogi in nemo irinsu in cika bakwai. Ban gaya wa kowa ba, don an hana mu wuce bakin layi. Na ɗauki wanda ya mutu da safiyar nan, na biyar ke nan, na naɗe shi a ganye, na ɗauki bokiti na bi ta bayan gidaje. Kogin Shari ya janye, yashi ya fito fili, mutane cike da bakin ruwa da ƙunshin kaya suna jiran kwalekwale zuwa Kusri, wancan ƙetaren na Kamaru. Gefe guda na ga wani tsohon masunci Bakotoko yana ɗinkin koma, bai kula da kowa ba. Na gaishe shi da Larabci, na buɗe ganyen na ce irin wannan nake so, guda biyar. Ya ɗora shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan ba ɗan kogin nan ba ne, tun yana yaro yake su bai taɓa kama shi ba. Sannan ya juya shi da farce ya dubi cikinsa.

"Yunwa ce ta kashe shi. Me kuke ba shi?"

Na ce hanta.

Ya ɗago ya dube ni. "Ɗan wane ne kai?"

Na ce ɗan mahauci.

"To ya wiledi, yarona, ubanka in zai sayi dabba ba bakinta yake fara buɗewa ba? Dubi nan. Bakin a ƙasa yake, ba haƙori, kamar bakin tulu. Mai irin wannan baki ba ya farauta. Kiwo yake yi kamar tunkiya."

Ya tashi ya shiga ruwa iya idon sawu, ya tsinto tsingaro da ɓawon makankari da suka daɗe a ruwa, duk sun yi kore suna santsi. Ya zuba mini a bokiti ya ɗebo ruwa ya rufe su. Ya ce, "Ga ciyawarsa. Kada ka bari ta bushe." Na tsaya ina kallon koren nan. Shi ne dai wanda Inna ta durƙusa ta dirje sau biyar ko shida.

A hanyar dawowa kombata suka tare ni, wato mayaƙan da suka kafa shinge a bakin kwalta, yawancinsu ba su fi ni da shekara biyar ba. Ɗaya ya tura bakin bindiga cikin bokitin ya motsa, ya ce mene ne wannan. Na ce abincin kifi. Suka yi ta dariya. Wani ya ce raina su nake yi, ya kai mini gindin bindiga a goshi. Na faɗi zaune amma ban saki bokitin ba. Tabon yana nan a saman girata ta hagu.

Da na shiga gida jini ya rufe mini ido ɗaya, Inna ta yi salati ta yo kaina. Na ture ta na wuce ɗaki, na jera tsingaron a cikin akwati. Biyu ne suka rage. Ba a yi minti ɗaya ba suka sauka a kai, suka manna baki, suna tafiya suna barin farin layi a bayansu kamar inda aka yi noma. Na faɗi abin da tsohon ya ce, ban rage ba. Inna ta zauna a ƙasa ta dubi hannayenta. Baba ya durƙusa ya kafa ido a bakin kifin ta cikin gilashi, ya daɗe, sannan ya ce, "Shekara talatin ina buɗe bakin dabba."  Ana cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mu damin muka share muka zubar, muka ajiye wa kaza nama.

Ran nan da la'asar cikin kifin biyu ya taso. Rakiya na jingine tana kallo, yatsanta a kan gilashi. Sai muka ji wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Yana ci." Inna ta saki ƙwarya. Muka jira ta ƙara, ba ta ƙara ba. Kalma biyun nan su ne na ƙarshe da na ji daga bakinta.

Daga nan kullum ina kogi. Na koyi bi ta cikin kwata da gidajen da aka gudu aka bari don in kauce wa shinge. Tsohon ya nuna mini in jera tsingaro a kasko da ruwa in ajiye a rana, kore zai fito da kansa cikin 'yan kwanaki. Tsakar gidan Inna, da ba a ganin ko tsinke, ya cika da kasake da gwangwanaye masu koren ruwa, sauro na haihuwa a ciki. Ita da kanta take juya su su bi rana. Kifin biyu suka yi ƙiba. Amma biyu ne. Loma biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma. Inna na cusa duk abin da za ta iya a cikin lomar, man shanu, dakakken nama, har hantar da a da ake ba kifi. Baba ya ce in Allah ya so za su haihu. Na riƙa duba bayan icce kowace safiya ko zan ga ƙwai. Wataƙila duka maza ne, wataƙila duka mata. Ba mu san yadda ake ganewa ba.

Kafin damina ta sauka faɗa ya iso unguwarmu. Gida na uku daga namu ya ƙone da mutanensa a ciki. Baba ya ce gobe da safe za mu haye. Akwatin ba ya ɗaukuwa, masu kwalekwale mutum ma da kyar suke karɓa. Baba ya ɗauko butarsa ta alwala, ta ƙarfe, ya ɗauraye, na zuba ruwan akwatin da tsingaro uku, na kama kifin na saka. Baba ya goya Rakiya, Inna ta ɗauki tukunya da tabarma, ni buta. Mun wuni a kan yashi muna jiran layi, rana na dukan ƙarfen. Na rufe butar da rigata, na tona rami a jiƙaƙƙen yashi na binne gindinta, ina hura iska ta roba. Da muka taka ƙasar Kusri na buɗe murfi, ɗaya ya juya ciki sama.

A Kusri mutane sun fi ƙasa yawa. Muka samu gindin wata bishiya muka kafa zane. Na samo wata kwalba mai faɗin baki na saka na ƙarshen don Rakiya ta riƙa ganinsa. Loma ɗaya, sau uku. Bakin kogin wancan gefen dubban ƙafafu sun dama shi, sabulu da kashi ko'ina, babu tsingaro mai kore. Inna ta ɗauki wuƙa da ƙoƙo ta shiga gari gida-gida, tana sallama tana roƙon a bar ta ta kankari gindin randa. Wasu suka ɗauka ta taɓu, wasu suka miƙo mata tsaba ta ce ba shi take nema ba. Matar da ba ta shan ruwa a gidan mutane in ta ga randarsu da kore, ita ce ta dawo da ɗan kore a ƙoƙo tana kare shi da mayafi kada rana ta busar. Ya ci kaɗan. Kwana huɗu ya yi a kwalbar.

Na so in ɓoye, amma babu inda za a ɓoye a gindin bishiya. Rakiya ta dubi kwalbar, ta ɗora yatsa, ta jira. Sannan ta kwanta ta juya baya. Na kamo 'yan kifi a kogi na zuba, masu walƙiya, masu gudu, ba ta ko waiga ba. An kai ta tantin masu magani suka ɗaura mata ruwa a hannu, suka ce gudawa ce da rashin abinci, kamar sauran yaran da ke jere a wurin. Yara da yawa sun mutu a Kusri a shekarar nan waɗanda ba su taɓa ganin kifin gilashi ba, na sani. Amma na san abin da na ƙirga. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, kwana tara bayan kifin. Da za a yi mata wanka Inna ta zauna ta ƙarasa kitson nan da ta fara, sannan ta bari aka ɗauke ta.

Mun dawo bayan shekara biyu. Gidan ba rufi, akwatin ya zama garin gilashi a ƙasa. Baba ya koma fawa amma bai ƙara sayen dabba da kansa ba, ni yake turawa kara, kasuwar dabbobi, in buɗe baki in duba. Ba mu taɓa zancen kifin ba, ni da shi, har ya rasu. Inna ta rayu bayansa shekara bakwai. Tana wanke cikin randa don ruwan sha, amma bayanta da gindinta ba ta sake kai soso ba. In baƙuwa ta yi magana sai ta ce, "Bar shi, abincin wani ne."

Wuƙaƙen Baba ni na gada. Wata rana kuben babbar ya yage, zan kai wa baduku, sai takardar nan ta faɗo, ta yi ja saboda mai da gumi. Na manta da ita sam. 'Yata ta fari tana aji biyar a lakwal lokacin. Sunan Rakiya na sa mata, amma bakina ba ya iya kiransa, Ummi nake ce mata. Na miƙa mata na ce ta karanta. Ta karanta a tsaye, tana cin gyaɗa, ta ce, "Baba, wai kada a wanke koren da ke jikin gilashi, shi suke ci. Kada a ba su nama. A ajiye su kusa da taga." Ta tambaye ni su wane ne. Na ce ta je uwarta na kira. Layi uku ne. Suna rataye a ƙugun Baba duk kwanakin nan, a ɗaki ɗaya da akwatin.

Yanzu a cikin gari akwai shagon da ake sai da irin akwatunan nan, da fitila da inji da abinci a gwangwani, yara na tsayawa kallo, kowane yaro kuma yana iya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Ni in na zo wurin nakan tsallaka titi. 'Ya'yana shida, duka na sa su lakwal, mata da maza, ko da ranar da babu na cefane. Mutane na cewa don in ga sun zama manya ne. Ban taɓa gyara musu zancen ba.

Ina unguwar Lamaji yanzu, bakin hanyar da ta yi arewa, ina da tebur da rumfar kwano, ina yanka akuya biyu a rana. A bayan rumfar akwai tsohuwar randa da ruwa a ciki, ta yi kore ciki da waje. Babu kifi a cikinta. Ba na bari a wanke.